Poken Sallama

"Lafiya lau, ban mutu ba tukuna. Ina kifin?"

Da haka Tutu Mapuana (Tutu shi ne kaka a yarensu) ta tari jikanta Kapono, tun bai gama gaisuwa ba. Ɗanyen kifi ta aike shi ya sayo wajen masunta, ta yanka masa poke na sallama, abincin tsibirinsu na ɗanyen kifi da gishiri, don gobe zai tashi Las Vegas, birnin da ke tsakiyar hamada, inda wani gidan abinci ya ɗauke shi aiki. Sai ga shi da haɗaɗɗen poke na kanti a kwanon roba.

"Ga shi, amarya. Irin wanda zan riƙa sayarwa ne."

Ta buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Mangwaro? Masara? Wannan farin kuma man shafawa ne? Ina kifin ya ɓuya?"

"Yana ƙasa. Layi fa ake yi a kansa."

"Asibiti ma layi ake yi. Kakanka a cikin kwalekwale yake yankawa, ya watsa ciyawar teku, shi ke nan. Kai ka yi wa kifi kwalliya kamar mai zuwa biki."

"Ke da haƙoranki suke kwana a kofi? Ai laushinsa na duba miki."

"Ja'iri! Na fasa auren. Me zan yi da mijin da zai kai kifi hamada?"

"Can zan samo yarinya mai mota."

"Ta dai ga kunnuwan nan tukuna."

Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai.

"Tutu, zaman tsibirin nan ya fi ƙarfina. Kin sani."

Ta sani. Haka sauran jikokin suka faɗa suka tafi ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai ya rage mata. Ta dafa bango ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar jan gishiri.

"Na ramukan gishirin Hanapepe ne, na ƙarshe da na kwasa da hannuna kafin gwiwoyin nan su ƙi. Ba a sayar da shi, bayarwa ake yi. In na ji ka barbaɗa wa baƙi a kan mangwaro, daga kabari zan taso."

Kapono ya karɓa da hannu biyu.

"Kin kayar da ni, tsohuwa," ya ce da ƙyar.

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin riga.

"Da ma yaushe ka taɓa kayar da ni? Zauna kusa da ni, ango. Miƙo cokali mu ci wannan ƙazantar taka."