Haƙorin Barau da Babur Mai Ƙafa Huɗu

Wani mutum ne a garinmu ana ce masa Barau Injiniya. Lokacin da na bar gida, faci yake yi wa tayar keke a bakin kasuwa, ko famfon ma na aro ne. Da na dawo daga Fatakwal bayan shekaru, zaman gida ya gagare ni, kullum ina yawo daga wannan rumfa zuwa waccan, sai na tarar Barau ya zama wani abu. Ya aje tumbi. Ya sa baƙin gilashi. Ga haƙorin zinariya a gaba yana walƙiya kamar siginar mota.

Haƙorin nan shi ne shaidarsa. Wai ya je Libiya, motar wani attajirin Balarabe ta mutu a tsakiyar sahara, shi kuwa ya gyara ta da cokalin shayi da mazagin wando. Balarabe ya fashe da kuka, ya zare haƙorin bakinsa ya miƙa masa. Wata rana motar takan zama jirgi. Wata rana Balaraben yakan zama janar. Haƙorin dai yana nan. Ko ta'aziyya Barau ya je, sai ya san yadda ya ɗage leɓe.

Ana nan sai babur ɗin Hajiya Dudu ya lalace. Hajiya tsohuwar dillaliyar gwal ce da ta koma noman kankana a fadama. Babur ɗin kuwa irin mai ƙafa huɗu ne, faffaɗa kamar kwaɗo, shi kaɗai ke iya jawo kankana cikin yashin da ke haɗiye mota. Makanikin birni ya ce mata ta waya a ciro masa kuloci da fulawil daga cikin inji a aiko ya samo irinsu. Ciro su kawai ake nema. Kankana kuma ta nuna.

Barau bai jira a kira shi ba, ya iske ta tsaye gaban babur ɗin a bakin kasuwa.

"Ranki ya daɗe, wannan ɗan abin? A Libiya da irinsa nake zuwa sayo burodi."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Barau, ka taɓa buɗe irinsa?"

"Hajiya, da ido a rufe!"

"In ka ɓata mini shi fa?"

Ya waiwaya ya ga jama'a sun fara taruwa. Kansa ya kumbura. Ya ƙwanƙwasa haƙorin da farce, ƙwal-ƙwal.

"In la'asar ta yi ban ciro su ba, wannan naki ne. Jama'a ku shaida!"

"Mun shaida!" Har da ni, don ba ni da aikin yi.

Ya kwance murfin inji na dama, baƙin mai ya tsiyaye masa a takalmi, ya ce haka ake yi. Ga kuloci, ga wani ƙaton noti a tsakiya ya riƙe shi. A jikin notin an zana ƴar kibiya tana nuna dama. Baba Ilu mai shanun huɗa, wanda ya tsaya kallo da bijiminsa a hannu, ya ce, "Ɗan nan, mene ne wannan zanen?"

"Ado ne, Baba. Mutanen Japan da son kwalliya."

Ashe notin irin na baibai ne. Duk notin duniya hagu ake murɗa shi ya kwance, shi wannan dama yake so. Barau ya cusa tsumma a haƙoran giya don kada inji ya juya, ya ɗora sifana, ya danna hagu. Shiru. Ya ƙara. Jijiyar wuyansa ta fito kamar igiyar guga. Ya tofa yawu a hannu, ya hau sifana da ƙafa biyu yana tsalle. Noti sai ƙara ɗaurewa yake, ƙiii.

"Kun ji? Ya fara kuka. Yanzu zai sallama."

Aka kawo dogon bututun famfo aka zura a sifana, ya miƙe sama kamar sandar tuta. Ƙarti suka rataya a jiki. Babur ya ɗaga ƙafa ɗaya. Aka sa mai nama da mai shayi suka zauna a kan babur ɗin. Noti ko gezau.

Azahar ta yi. Barau ya share gumi, idonsa ya faɗa kan bijimin Baba Ilu.

"Baba, ara mini Goje."

"Goje huɗa ya sani."

"A Libiya da raƙumi muke yi."

Aka ɗaura igiya a kan bututu, aka ɗaura a ƙahon Goje. Barau ya tsaya ta hagu yana "Haa! Haa!" Goje ya ja kaɗan, ya tsaya, ya yi kashi, har ya fallatsa wa Barau a wando. Daidai lokacin Hajiya, da ta gaji da tsayuwa, ta fasa kankana a can ta dama, fus! Goje ya ɗaga hanci. Ya juya. Ya bi ta gefen babur a guje, igiya ta miƙe, bututu ya wulwulo dama, mai shayi ya faɗi ƙasa tim. Sai muka ji ƙaƙas! Noti ya kwance, ya gangaro har gaban Barau ya kwanta.

Goje kuwa yana can yana ta gurgurar kankana.

Barau ya gyara gilashi. "Kun gani? Da ido na yi masa alama."

"Wane idon?" in ji Baba Ilu. "Kana can kana kakkaɓe kashi a wando."

Aka yi dariya, amma kuloci ya fito, Barau ya ɗaga shi sama kamar wanda ya ci kofi. Saura fulawil.

Ya buɗe murfin hagu. Ga fulawil nan, wani kwanon ƙarfe mai nauyi, bakinsa a buɗe yana kallonmu. Ya samu ya kwance notinsa, ya ja. Ko motsi. Shi wannan akwai ƙarfen da ake murɗawa a tsakiyarsa a zaro shi, Barau kuwa bai taɓa ko ganinsa ba. Ya kai sifana kusa, sai ta kuɓuce masa ta manne a cikin kwanon, ƙwam! Ya yi baya da sauri.

"Mene ne, Injiniya?"

"Gaisuwa ce. Ya gane kayan aikina."

Ya ɗauko guduma ya kai duka, guduma ta manne. Ya ɓamɓaro ta da ƙyar. Ya kawo ƙusa, ta manne. Cokalin mai shayi ma da ya zo leƙe, ya tafi. Cikin kwanon nan duk maganaɗisu ne.

Hajiya ta dubi inuwa. "Barau, ladan ya tafi alwala."

"Ranki ya daɗe, saura dabara ɗaya. Irin wannan inji ba ya jin Hausa. Larabci ake yi masa a kunne."

Ya durƙusa. Ya cire gilashi. Ya waiwayo ya tabbata kowa na kallo, sannan ya tura fuska cikin kwanon, ya wage baki, ya ɗage leɓe yadda ya saba.

"Ya habibi, iftah..."

Tas!

Barau ya ɗago da hannu a baki. Muka leƙa. Ga haƙorin can a manne a jikin fulawil yana walƙiya. Daga masallaci kuma ladan ya ɗaga murya.

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "Na yi shekaru ina sayar da gwal, ban taɓa ganin wanda ya bi maganaɗisu ba."

"Na Libiya ne," in ji Barau ta cikin tafin hannu, iska na fita ta giɓi. "Ƙarfinsa daban."

Hajiya ta cire ɗan kunnenta ta sa a cikin kwanon. Ya faɗo ƙasa. Ta ɗauka ta mayar a kunne. Sannan ta sa farce ta ɓamɓaro haƙorin, ta ɗauraye shi da ruwan buta, ta juya cikinsa zuwa rana. Ja wur. Har da ɗan koren ganye a gefe.

"Zo ka gani, Baba Ilu."

Baba Ilu ya ƙura ido. "Hajiya, ai wannan gwangwanin tumatir ne."

Mai nama ya kwanta a ƙasa yana bugun yashi. Mai shayi ya manta da cokalinsa. Barau ya fara tattara sifanu da hannu ɗaya yana ja da baya.

"Tsaya, ɗan nan," in ji Hajiya. Ta kama hannunsa ta danƙa masa haƙorin. "Riƙe abinka, ina da irinsa kwali guda a madafa." Ta juya wajen bijimin da ke lasar ɓawon kankana. "Baba Ilu, in Injiniya ya gama cin abinci, a kawo shi ya duba mini fulawil."