Minti Biyar Ɗin Inna

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da Lahadin da Yaya Bello ya bugo mana waya daga Jamus. Lokacin babu mai waya a aljihu. A duk layinmu na Bagama, Alhaji Ɗantani mai kayan gini ne kaɗai ke da tarho a falo, shi ma a kulle cikin akwatin katako.

Shekarar Yaya biyu da tafiya, mahaifiyarmu Inna ba ta ji muryarsa ba, sai wasiƙun da nake karanta mata. A ta ƙarshe ya ce zai sayi katin waya ya kira gidan Alhaji bayan la'asar, kuma katin na minti biyar ne kacal. (Ni na karanta wannan layin da bakina, har sau biyu, don kada wani ya nema mini uzuri.)

Tun azahar Inna ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta ta salla, har da turare, kamar zai gan ta ta cikin wayar. A hanya ta ce, "Kai da kake aiki a Abuja, kai za ka fara ɗauka. Ni ban san inda ake sa baki ba." Ai kuwa kaina ya kumbura. Masinja ne fa ni a ofis, tsakanina da tarho sai dai in goge shi da tsumma.

Wayar na yin ƙara na ɗauka, na gyara murya. "Salamu alaikum, Yaya. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya sanyi?" Ashe maganar ƙasar waje sai ta ɗan jinkirta kafin ta iso. In na yi shiru ina jiran amsa, shi ma shiru. In na ci gaba, sai mu yi karo. Ni kuma ba a koya mini barin gaisuwar babba a rabi ba, sai in koma daga farko. Ina ji yana cewa, "Miƙa wa Inna," na ce, "To, Yaya, yanzun nan. Kawu Isa yana gaishe ka. Mutanen Madalla ma sun ce a gaishe ka." Sannan na miƙa wa Alhaji, don ai ba a tsallake mai gida. Bawan Allah, "lafiya lau" kawai ya ce, ya tura wa Inna da sauri.

Ta kama da hannu biyu. "Bello? Bello, ni ce." Daga inda nake tsaye ina jin kukan layin da ya yanke. Kati ya ƙare.

Ba ta ajiye ba. Ta ce ya riƙa cin abinci, ya riƙe salla, ta sa masa albarka tsaf, sannan ta juyo gare ni. "Ya ji kuwa?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ne ya ce, "Ya ji, Inna," idonsa a ƙasa.

Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai da muka kusa gida ta ce, "Muryarsa fa? Tana nan yadda take?" Na ce tana nan, hawaye na zubo mini. Wata huɗu ta ƙara jira kafin ya samu halin sake kira.

Shi ya sa har yau, in na ƙasar waje ya kira ni, daga sallama sai "Wa kake nema?" Dangi na cewa ba ni da ladabi. Su yi ta faɗa, ni na riga na ga abin da ladabina ya yi wa Inna.