Farin Allon da Aka Nuna Mini a Ƙarƙashin Teku

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da council, wato hukumar gari, ta rufe wurin ninkaya na unguwarmu a Manchester ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina share wurin, ina wanke banɗakuna, ina tsamo abin da mutane suka yar a ƙasan ruwa. Ranar da aka tara mu aka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kowa aka miƙa masa takarda. Abokan aikina suka tsaya nan suna karanta nasu. Ni kuwa na ninke tawa, na ce na manta tabarau a gida.

Idona lafiyarsa ƙalau. Karatun ne ban iya ba.

Ni ɗan masunta ne, a bakin kogi a Yawuri aka haife ni. Lokacin da sa'o'ina ke tafiya makaranta, ni ina cikin kwalekwale da mahaifina. Ko makarantar allo ban daɗe ba. Yadda na zo Ingila dogon labari ne, amma tun da na zo, mutum ɗaya ne ya san sirrina, matata Asabe. Ita ke karanta wasiƙun gida, ita ke amsa saƙonnin wayata, in muna cikin mutane kuma ta iya raɗa mini abin da ke rubuce ba tare da leɓenta ya motsa sosai ba. Ko 'yarmu Zainab, da take jami'a a Salford, ba ta sani ba. (Tabarau ɗin na saye shi ne a kantin magani. In yana fuskata ina kama da malami, in ba ya nan kuma ina da uzuri.)

Abin da nake tinƙaho da shi a duniya ɗaya ne: ruwa. Abokina Dakta Sama'ila, wanda muka tashi tare a Yawuri, har yau Sarkin Ruwa yake kirana, domin ni na koya masa iyo. Shi ya bi boko har ya zama likita a Birmingham. Mahaifiyarsa, Inna, ta ciyar da ni kamar ɗan cikinta, kuma ta rasu watanni kaɗan kafin wannan labari. Da muka sake haɗuwa a ƙasar nan na ce masa na yi makarantar dare a Legas. Ya yarda, don bai ga dalilin da zan yi masa ƙarya ba.

Dakta yana da wani abin sha'awa da mutanenmu ke yi masa dariya a kai. Duk shekara sai ya tafi Masar, ya goya tukunyar iska, ya nutse cikin Bahar Maliya yana ɗaukar hoton kifi. Da ya ji an sallame ni daga aiki sai ya bugo waya.

"Sarkin Ruwa, zaman gida zai kashe ka. Shirya, tare za mu tafi bana. Ka zo ka ga kifin da ubanka bai taɓa kamawa ba."

"Akwai kifin da ya wuce giwar ruwa ne?"

"Kai dai zo. Kifin can ado suke yi, ba irin tarwaɗarku mai fuskar tsohon ɗan dako ba."

Na je. Takardun da ake cikewa a wurin masu nutson, Dakta ne ya cike mini, saboda na "manta tabarau a masauki". Shi yana da takardar shaidar nutso mai zurfi, don haka ya bi rukunin gwanaye. Ni aka haɗa ni da wani malamin nutso, Bamisire mai suna Mahmud, mutum mai sanyin hali, mai furfura kaɗan a gemu, wanda ke kai sababbin shiga inda ba zurfi. Mu biyu ne a hannunsa, ni da wata Baturiya da tsoro ya kama tun muna cikin jirgi.

A rana ta ƙarshe na roƙi Dakta ya ba ni aron ƙaramar kamararsa. Ya sa ta cikin akwatinta na roba da ruwa ba ya shiga, ya miƙo mini.

"Ka riƙe ta da kyau. Da ita na je gida zuwan ƙarshe. Hotunan Inna na ciki, na kasa kwashe su, na kasa ma kallonsu."

Mahmud ya maƙala igiyar kamarar a ƙirjin rigata da wata ƙugiya, ya ja ta sau biyu ya tabbatar ta kama. Ya koya mana alamun hannu, wanda ya fi zauna mini shi ne na "lafiya lau", a haɗa babban yatsa da manuni. Sannan ya nuna mana wani ɗan farin allo da fensir a ɗaure, ya ce a ƙasa babu magana, in abu ya fi ƙarfin alama zai rubuta. Na ce a raina, me za a rubuta wa ɗan masunta a cikin ruwa?

Abin da na gani a ƙasa, har yau ba ni da bakin faɗa. Kogin da na sani ruwansa kamar kunu yake, da hannu ake laluben kifi. Nan kuwa haske har ƙasa. Duwatsun murjani kamar an shuka gona, wani mai rassa, wani mai faɗi kamar faifai. Ƙananan kifaye masu ruwan lemo sun taru a kansu kamar ƙudan zuma. Wani kifi shuɗi da kore yana gurgurar dutse, har ƙarar haƙoransa nake ji. Na yi tasbihi a zuciyata, domin baki na cike da robar numfashi. A gefe guda kuma dutsen ya yanke kamar katanga, daga nan sai shuɗi mai duhu wanda ba a ganin ƙarshensa.

Igiyar ta yi mini gajarta. Ina so in miƙa hannu in ɗauki hoton wani kunkurun teku da ke wucewa, sai na buɗe ƙugiyar, na mayar da ita wani zobe na ƙasa, ban duba ko ta rufe ba. Can sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Mahmud ne ke buga tukunyarsa don in juyo, Baturiyar nan ta ƙanƙame masa hannu ta ƙi saki. Ya nuna ni da yatsa, na ɗauka kifi yake nuna mini. Sai ya yi rubutu a allon, ya ɗago mini shi.

Duk rayuwata, in aka nuna mini rubutu akwai mafita. Ko Asabe na kusa, ko in ce "me ya ce ma?" wani ya faɗa. A nan babu Asabe, babu baki, ni kaɗai ne da baƙaƙen layuka a kan farin allo. Na yi abin da na saba. Na gyaɗa kai kamar wanda ya fahimta, na yi masa alamar lafiya lau.

Ya matso yana jan matar, ya sake ɗago allon. Ni kuma na ja da baya, domin allon nake gudu. Sau uku muna haka, yana matsowa ina matsawa, har na tsinci kaina a kan bakin katangar nan. Ruwa ya ɗan shiga gilashin fuskata, na saki kamarar don in gyara, na dogara da igiya. Ina kallo ta sulale, ta yi ƙasa a hankali tana juyawa, har shuɗin ya haɗiye ta.

Da muka hau jirgi Mahmud ya ce mini a hankali, "Ɗan'uwa, sau uku na rubuta maka." Da Dakta ya fito ya ji labari, fuskarsa ta canza yadda ban taɓa gani ba. Mahmud ya yi masa bayani. Dakta ya juyo ya tambaye ni da Hausa, "Ya nuna maka wani rubutu?"

"Ni ban ga komai ba," na ce. "Shi ya ɗaura ta, bai ɗaura da kyau ba."

Mahmud ba ya jin Hausa, amma ya kalle ni, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da naɗe igiyoyinsa. Kafin mu bar garin Dakta ya rubuta wa shugaban wurin takardar ƙorafi mai zafi. Ni da aka miƙa wa takardar sallama wata biyu kafin nan, ina zaune ina kallonsa yana rubutawa.

Bayan mako uku Dakta ya gayyace mu cin abincin rana a gidansa a Perry Barr. Muka hau mota daga Manchester, ni da Asabe da Zainab. Falon cike da likitoci da injiniyoyi da matansu, an ci tuwon shinkafa an ƙoshi. Na sa babbar riga, tabarau na leƙe a aljihun gaba. Sai Dakta ya fito da wani faifai. Ashe akwai mai ɗaukar bidiyo da ke bin masu nutso yana sayar musu da faifan, Dakta ya saya bai samu sukunin kallo ba.

"Ku zo ku ga Sarkin Ruwa a fadarsa," in ji shi.

Aka kunna a babbar talabijin. Ga ni nan ina bugun ƙafa kamar kwaɗo, aka yi ta dariya, ni ma ina yi. Zainab ta ce, "Baba, wallahi ka yi kyau." Daga nan hoton ya juya kan Mahmud, ya matso har allon ya cika talabijin. Wani injiniya da ke kusa da ni ya karanta da ƙarfi, ya fassara yana dariya: "Tsaya. Ƙugiyar kamara a buɗe take. Riƙe ta." Hoton ya dawo kaina, ina gyaɗa kai da girman kai, yatsuna biyu a haɗe.

Dariyar ta ragu da aka ɗago allon a karo na biyu. A karo na uku babu mai dariya.

Dakta ya tsayar da faifan daidai kan allon. "Ka ce mini ba ka ga komai ba."

"Ka san idona, ba tabarau a ruwa..."

"Rubutun nan ko makaho ya shafa zai ji shi. To ga tabarau nan a aljihunka. Sa ka gani, ka faɗa mini wace kalma ce ba ta fito ba."

Ba tarko ya ɗana mini ba. Shi a zatonsa raina mutumin na yi. Na sa tabarau, na tsaya gaban talabijin, na zura wa allon ido. Na san injiniyan ya riga ya faɗi abin da ke ciki, da na so sai in maimaita. Na ji Asabe a bayana ta fara raɗar nan tata. Amma fuskar Mahmud na gefen allon, idanunsa a cikin gilashi suna kallona.

"Bari, Asabe," na ce. Na cire tabarau. "Sama'ila, ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba. Mutumin nan ya nuna mini, ni na buɗe ƙugiyar, ni na yi masa ƙarya."

Matar Dakta ta tashi ta fara kwashe kwanukan da aka riga aka kwashe rabinsu. Zainab ta ce, "Baba, to duk aikin makarantar da kake duba mini ina ƙarama fa?" Na ce mata ina duba ko ta cika shafin ne. Ta fita waje.

Can Dakta ya ce, "Saƙonnin da muke yi a waya fa?"

"Asabe ce."

"Har ta'aziyyar Inna?"

"Maganar tawa ce. Hannun ne nata."

Ya rufe fuska da tafin hannu. "Kai ka koya mini iyo ina kuka ina haɗiyar ruwa, ba ka taɓa yi mini dariya ba. Ni ne za ka ji kunya?"



Washegari ya rubuta wa masu nutson ya janye ƙorafinsa, ya ba da haƙuri. Amsar da ta zo gajeriya ce: Mahmud ba ya aiki a wurin yanzu. Ba su ce korarsa aka yi ba, ba su ce shi ya tafi ba, ba su kuma ba da adireshi ba.

Zainab ce, bayan ta yi mako guda ba ta yi mini magana ba, ta kai ni ajin manya a wani ɗakin karatu a Ardwick. Da na fara sau biyu ake yi a mako, daga baya aka rage zuwa sau ɗaya, saboda tsukewar aljihun nan dai. Turanci a can nake koya, rubutun Hausa kuma Dakta ke koya mini ta waya ranar Lahadi, yana yi mini tsiya in na juya harafi. Ba na sauri. Wannan labarin ma na fi wata huɗu ina rubuta shi. Na rubuta wa Mahmud wasiƙa da hannuna, tana cikin aljihun tebur, babu inda zan aika ta.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Mutum zai iya shekara hamsin yana gyaɗa kai a doron ƙasa, mutane su ɗauke shi mai fahimta. Kada dai ya kuskura ya shiga inda ba a magana.

Ga abin da aka rasa: kamara ɗaya da akwatinta. Hoton kunkuru ɗaya, wanda ban ma san ko ya fito ba. Hotunan Inna na ƙarshe, duka. Tabarau ɗaya, da na bari a kan teburin Dakta ban koma nema ba. Da kuma, mai yiwuwa, aikin mutum ɗaya da ya rubuta mini gaskiya har sau uku.