Shida da Rabi

Ko da zan manta komai na zamana a Greensboro ta Amurka, ba zan taɓa mantawa da ranar lallen Zainab ba, ranar da na kusa yi wa 'yar mutane zanen da sai dai ta shiga kabari da shi.

Tun ina 'yar sakandare a Katsina nake zanen lalle. In naɗe leda kamar mazurari, in ɗura kwaɓin, in yi ta jan layi. Da aure ya kawo ni nan, hannuna ya yi shekaru bai taɓa na kowa ba sai na Hauwa, 'yata. Sai ga Hajiya Rakiya, wata dattijuwa 'yar Kumasi da muke sahu ɗaya a masallaci, ta kama hannun Hauwa ranar Sallah tana jujjuya shi.

"Maman Hauwa, ashe da ke a garin nan muke ta wahala? Ke za ki yi wa Zainab ɗina lallen biki."

Daga ranar na daina tafiya a ƙasa. Ina wanke-wanke ina ganin furanni a cikin kumfa. In leƙa taga in ga ganyen kaka yana saukowa ja da rawaya, in ce wannan a wuyan hannu zai zauna. Layi nake mafarki, siriri kamar gashin jariri, irin wanda leda ba ta taɓa ba ni ba.

Shi ne na shiga waya neman injin zana fure a hannu. Na ga wani kamar alƙalami mai kauri, ga hoton damtse cike da furanni a gefensa. Na saya. (Abban Hauwa direban babbar mota ne, yana can wata jiha. Da yana gida da ya duba kwalin.)

Ya zo da 'yan allurai a jere. Ban damu ba, don duk mai lalle tana ajiye allurar da take buɗe bakin leda in ya toshe. Na ce kai, Turawa sun iya tanadi.

Bidiyon koyon ma na kalla, amma kowanne kiɗa ne a ciki kamar ana rushe gini, ni kuwa ba na barin kiɗa a ɗakina. Sai in kashe sautin in bi hannun mai yi da ido. Na ga a jikin lemu yake gwaji, ni ma na sayo lemu.

Mako biyu ina saiti. Kwaɓin lalle ya ƙi bi, na tace shi da ɗankwali, ya ƙi, na koma ruwan dayis. Sai da na maƙala wa bakin allura ɗaya sannan ya fara ɗaukar ruwan. Akwai 'yar lamba da ake murɗawa: a tara yana tsalle kamar ɗan akuya, a biyar yana jan ƙafa. Rannan da hantsi na tsayar da shi a shida da rabi, na rage tsinin har ya zama ɗan leƙe kawai, sai ga layin mafarkina a jikin lemu. Hawaye na yi. (Lemun ma yana tsatsafo da ruwa, amma na ce laushin ɓawo ne.) Ban gwada a hannuna ba, wai don ina son amarya ta zama ta farko.

Ranar lalle muka tafi gidan Hajiya a Summerfield. Ta taga ana hango dawakin maƙwabta suna kiwo, falo cike da mata da ƙamshin turaren wuta. Zainab ta ɗora hannunta a matashin da ke cinyata, tafin nan fes. Na fito da lemun da ya fi kyau ya zaga falo ana ta "Masha Allah". Na yi bismilla, na kunna. Ya ɗauki kuka kamar zuma.

Saura kamar faɗin yatsa in taɓa fatarta, sai yayarta Hadiza, wadda take aikin jinya, ta saki farantin da ke hannunta.

"Anti, tsaya! Injin tatu ne wannan!"

Na janye hannuna, injin yana ta kuka.

Hajiya ta ce, "Tatu? Irin na ƙartin nan masu babur, wanda ba ya fita?"

Mai hankali da shiru za ta yi. Ni kuwa sai na ɗaga kai na ce, "A'a Hajiya, ai na saita shi. A shida da rabi yake."

Hadiza ta karɓi lemun ta matsa, ruwa ya yi ta feshi ta kowane layi na furen, har a fuskar wata baƙuwa 'yar Damagaram, wadda ta goge ido ta ce, "Wai! Da yanzu amarya ce ke yoyo."

Aka fashe da dariya. Ni kuwa salati nake, ina kallon tafin yarinyar nan da ta miƙo min ba tare da tambaya ba. Na fara tattara kayana ina neman ƙofa.

"Ina za ki?" in ji Hajiya. "Ni hannunki na gani ranar Sallah, ba inji ba. Kin zo da ledarki?"

Tana can ƙasan jaka. Na zana, layin ya yi kauri, wani furen ma ya karkace. Zainab ta ɗaga shi tana kallo ta ce, "Ya yi kyau, Anti. Kuma zai goge, ko?"

Har yau a masallaci Shida da Rabi ake kirana, ina kuma amsawa. Kiɗa dai ban fara saurare ba, amma yanzu in na kashe sauti sai in nemi mai karanta min kwali. Duk abin da zan kai jikin 'yar wani kuwa, da nawa hannun nake farawa, don lemu ba ya ihu.