Takobin Jikan Barde

Wani mutum ne a garinmu, Alhaji Ɗantsoho, mai shagon taya. In dai cika baki ne, ko kwaɗon damina ya sallama masa. A zaurensa akwai wata doguwar wuƙa cikin kuben fata, rataye a bango. Shi dai takobi yake ce mata.

Abin da aka sani kaɗan ne. Kakansa Mamman Dogo ya shigo garin yana saurayi, daga shi sai wuƙar nan, kuma har ya koma ga Allah bai faɗi sunan uwa ko uba ba. To, wannan giɓin Alhaji ya cike da bakinsa. Yau uban Mamman barde ne. Gobe ya kashe zaki. Jibi zakin ya zama uku.

Wanda ya fi shan wahalarsa a majalisa shi ne Iro mahauci. In aka kawo tuwo, sai Alhaji ya janye kwano.

"Iro, matsa can. Jinin barde ba ya haɗa hannu da mai ƙarnin jini."

"Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji," in ji Iro. "Amma tsirena ba ka taɓa ce masa ya matsa ba."

Ana nan sai sarautar Barde ta faɗi. Alhaji ya ɗinka manyan riguna, ya sayi rawani tun kafin a tambaye shi. Hakimi ya ce, "Madalla. Kawo sunan iyayen kakanka, da shaida. In ka kawo, rawani naka ne."

Alhaji ya tono wani tsohon hoton kakan, ya kai wa wanzami. Wanzami ya ƙura wa tsagar fuskar ido ya ce, "Wannan askar mutanen Tsamiyar Bako ce." Shi ke nan! Ranar kasuwar ƙauyen Alhaji ya ɗauko wuƙar, ya cika mota: Wakilin Hakimi a gaba don shaida, Iro a baya.

"Ni kuma me zan je yi?" in ji Iro.

"Ka je ka ga bambancin zuma da maɗi."

A ƙauyen aka kai su wurin Baba Tunau makaɗi, tsoho tukuf, wanda taken kowane gida ke cikin kansa. Ya karɓi wuƙar, ya shafa ƙotar, ya ji tsaga uku. Sai ya zabura.

"La ilaha illallahu! Ta Jatau ce! Jatau mijin Kande! Yaro, kai jikan Mamman ne?"

Alhaji ya dubi Wakili. "Rubuta! Jatau da Kande."

"To bari in ba ka labari," in ji tsohon, "shi Jatau..."

"Baba, riƙe labarinka. Labari na ɗaki ne. A fito tsakiyar kasuwa, a kaɗa mini taken kakana kowa ya ji!"

"A kasuwa?"

"A kasuwa!"

Tsoho ya shiga ɗaki. Alhaji ya gyara hula, ya baza riga, yana jiran gangar yaƙi. Sai ga Baba Tunau ya fito da kalangu a hammata.

Wakili ya yi tari. Kowa ya san kalangu kiɗan su wane ne.

Kalangu ya ce ƙwal-ƙwal, ƙwalang! Kafin ka ce kwabo, mahautan kasuwa sun watsar da tebura sun yo ca, wani da ƙafar saniya a hannu. Iro kuwa tuni kafaɗunsa suka fara rawa. Tsoho ya ɗaga murya:

"Jatau na Kande, Sarkin Fawa! Mai fiɗa kafin hantsi! Kande mai ganda, tukunyarki ba ta kwana!"

Alhaji ya ce, "Baba, ka yi kuskuren gida." Amma ƙafarsa ta dama, munafuka, sai buga ƙasa take tana bin kiɗan. Ya take ta da ta hagu.

Sarkin Fawan ƙauyen ya rungume shi, ya goga masa kitse a sabuwar shadda. "Ɗan'uwa! Ashe Mamman ya bar baya!"

Alhaji ya ga rawani na nisa, ya ce bari ya kama ko da jela. "To... ai dai jarumi ne. Yaƙi ne ya fitar da shi daga garin nan, ko?"

Kasuwa ta ɗauki dariya.

"Wane yaƙi?" in ji Baba Tunau. "Abin da na so in gaya maka a ɗaki ke nan. Ranar da ubansa ya miƙa masa wuƙa ya yanka bijiminsa na farko, bijimin ya yi huci, fuu! Mamman ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Da wuƙar a hannu! Tun ran nan ba a sake ganin ƙeyarsa ba."

Sarkin Fawa ya zare wuƙar daga hannun Alhaji a hankali. "Mun gode da ka dawo mana da ita."

Wakili ya ninke takardarsa ya sa aljihu. Iro ya share hawayen dariya, ya dafa kafaɗar Alhaji.

"Daga yau kai za ka riƙa matsawa in an kawo tuwo, Alhaji. Ashe ko mahaucin ma ba ku kai ba."