Yadda Za Ka Taya 'Yarka Zaɓen Jarrabawar Turanci Har Lokaci Ya Wuce

Kai mai 'ya a Agege, jami'ar waje ta ce za ta ɗauke ta in ta ci jarrabawar Turanci, kai kuma ba ka son ta yi nisa, kana kuma kunyar faɗa? Bi wannan hanya, tabbas jirgi zai tashi babu ita. Da idona na ga maƙwabcina Alhaji Isiyaku, dillalin shanu a Oko-Oba, ya gwada ta a kan 'yarsa Safinatu.

1. Kada ka ce a'a.
Ka ce, "Madalla! Amma sauri ya haifi nawa." Jarrabawar iri biyu ce, kuma nan arzikinka yake. Mai zaɓi biyu ba ya rasa dalilin zama.

2. Ka kushe ta farko.
A ita, mutum ne ke zaunar da yaro yana yi masa tambayoyi. Alhaji ya ce, "Ɗan gidan wa ne? Na san ubansa?"

3. Ka kushe ta biyu.
A ita, kwamfuta ake yi wa magana. Nan ya tsuke fuska: "Ni na yi miki tarbiyyar hira da abin da ba ya amsa sallama?"

4. Ka tara masu shawara.
Shawara ɗaukar ɗaki ce, ka nemi masu hannu da yawa don ɗakin ya rushe. Alhaji ya kai maganar majalisa. Oumarou mai gadi, mutumin Maraɗi, ya rantse Faransanci ya fi. Aka yi ta musu har shayi ya huce, Alhaji yana ta murna a ciki.

5. Ka kiyayi 'ya mai ladabi.
Nan ne ramin. Ana gab da rufe rajista Safinatu ta durƙusa ta ce, "Baba, ka zaɓa mini. In ma fasawa kake so, ka faɗa, wallahi na fasa."

Mutumin da ke juya bijimi da igiya ɗaya ya kasa ɗaga ido. Can ya ce, "Wa ya ce ki fasa? Ki yi ta mutum ɗin, mu ga ko ya fi ki baki."

Ranar jarrabawa shi ya raka ta a motar haya ta danfo. Ya zauna bakin ƙofa da carbi, ya manta me ya zo roƙo, ya roƙa mata nasara.

Gargaɗi: in taka ta ci, kada ka zo mini ƙorafi, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Safinatu dai ta tafi. Yanzu kullum da hantsi za ka ga Alhaji ya gyara hula, ya kafa waya a gabansa, ya yi mata sallama, yana jira ta amsa.