Rasuwar Dorcas, Sandar Jabez Ollerton

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa biyu da suka rasa abin riƙewa, ni Jabez Ollerton, ɗan wasan kurket na wannan gunduma, wato wasan jifan ƙwallo da bugunsa da sanda, mai jifa kuma mai bugu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar sandata ta wasa, Dorcas. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar fili, a idon jama'a, a wasan ƙarshe na shekarar 1887. Ta yi shekara goma sha shida a hannuna, amma ba a hannuna ta cika ba.

An haifi marigayiyar a shagon tsoho Silas Mudge, wanda ya sassaƙa ta daga icen wilo na bakin kogi. Na raɗa mata sunan gwaggona Dorcas, mace mai faɗin baya, wadda in ta tsaya a bakin ƙofa ko kyanwa ba ta wucewa. Suna kuwa ya bi jiki. Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba, ba kyakkyawa ba ce. Gindinta ya cika nauyi, man da nake shafa mata kowane hunturu ya mai da ita baƙa, ga ɗaurin zare a wuri uku. Amma duk mai jifan da ya raina ta da safe, da yamma yakan koma gida yana dafe da kafaɗa.

Waɗanda suka san ta za su tuna muryarta. In ƙwallo ya same ta a tsakiya takan ce "tok", can ƙasa-ƙasa, ba hayaniya. Tsofaffin da ke zama kusa da rumfar giya ba sa ma ɗaga kai daga kofunansu, sun san Dorcas ce ta yi magana. In kuwa na yi ganganci ƙwallo ya kama gefenta, sai ta ce "kwas", ta girgiza min hannu har gwiwar hannu, don in shiga taitayina.

Babban halinta shi ne rufin asiri. Na haura arba'in. 'Yan shekarun nan gwiwoyina sun fara ƙara in na ɗauko gudu zan yi jifa, idona kuma ya fara makara. Ita ta sani tun kafin matata Tabitha ta sani, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da idona ya makara gani, nauyinta ya cike. Da ita na ci gaba da zama cikin ƙungiya, maimakon in koma masaƙar da na baro ina saurayi.

Kamar ubangidanta, ita ma 'yar albashi ce. Mu da ake biyanmu, ɗakinmu na bayan rumfar 'yan wasa, ƙaramar ƙofarmu kuma tana kusa da inda ake ɗaure dokin da ke jan abin daddale fili. 'Ya'yan manya masu wasa don nishaɗi su ke saukowa ta matakala, su fito ta babbar ƙofa ana tafa musu. A tsakiyar fili muke haɗuwa. Marigayiyar ba ta taɓa kuka da wannan ba.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. An riga an faɗa mana cewa a wannan wasa kwamitin ƙungiya zai duba tsofaffin cikinmu, ya ga wa za a riƙe baɗi. An kwana ana ruwa, fili ya jiƙe. Ina zaune ina goge ta sai ga kyaftin ɗinmu, Mista Aubrey Cressingham, saurayin da aka haifa shekarar da na fara wasa, wanda kuma yake da kujera a kwamitin. Bai shigo ba, ba ya shigowa. Daga bakin ƙofa ya ce, "Ollerton, ara min tsohuwar nan taka. An ce ba ta kuskure."

Amos Pickersgill, mai tsaron bayan turakun da mai bugu ke karewa, ya sunkuya yana kwance igiyar takalmin da ya gama ɗaurewa. Ɗan albashi ba ya hana kyaftin abu, balle a irin wannan rana. Na miƙa ta da hannu biyu. Na buɗe baki zan ce gindinta ba ya son laima, kuma ba a yi mata gaggawa, amma kafin maganar ta fito ya juya.

Daga bencinmu na hango ta tana saukowa ta matakala, ta fito ta babbar ƙofa, karo na farko a rayuwarta. Wallahi ta yi kyau. Har na ji wani alfahari na wauta ya taso min.

Ba a jima ba aka jefo wa kyaftin ƙwallo mai sauka daidai yatsun ƙafa. Ya kafta ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar mai haƙar dankali. Ba ta ce "tok" ba, ba ta ce "kwas" ba. Ta ce "ɓaras", sau ɗaya, tsofaffin rumfar giya kuma suka ɗaga kai.

Ya dawo da ita gida biyu, ya tsaya a bakin ƙofar nan dai. Ya ce, "Ai dama ta tsufa, Ollerton. Ba a riƙe tsohon kaya har ya ba mutum kunya." Yana magana yana kallona, ba ita ba. Na karɓa na ce na gode, yallaɓai. Har yau ina tambayar kaina godiyar me na yi.

Da layi ya zo kaina Amos ya ara min tasa, sabuwa, marar nauyi kamar cokalin shayi. Ƙwallon farko ya wuce ni ya watsa turaku ina tsaye ina nemansa, aka fitar da ni, duk filin kuma ya ga abin da Dorcas ta daɗe tana ɓoyewa. Da yamma na yi jifa har kafaɗata ta mutu, na fitar da masu bugu uku na abokan karawa, ba wanda ya ƙara tuna wannan. Washegari sakatare ya tare ni a ƙaramar ƙofa, ya kama hannuna, ya ce kwamiti na godiya da doguwar hidimata.

An garzaya da marigayiyar wurin Silas Mudge. Ya juya ta, ya shinshina karayar, ya ajiye tukunyar gam ɗin da ya riga ya ɗora a wuta. Ya ce ko shi da ya haife ta ba shi da abin da zai iya yi, in yi haƙuri.

Ta rasu ta bar makaran ƙauri tagwaye da nake ɗaurawa a ƙafa, dukkansu sun tsufa. Da safar hannu guda biyu, ɗaya babu babban yatsa. Da rabin kwalbar mai wadda yanzu ba ta da wanda za ta yi wa aiki. Ta bar Tabitha, wadda ta yi shekaru tana rantsuwa za ta jefa ta murhu saboda tsintar ta da take yi a kan teburin cin abinci, amma ita ce ta ciro mayafin teburin nan na Lahadi ta naɗe ta. Ta kuma bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an busa tashi a masaƙa, don abokai su samu zuwa. Daga Litinin ni ma wannan busar zan riƙa jira. Limamin coci ya nemi a yi masa uzuri. Mai kula da fili ya ba mu wuri a bayan rumfa, gefen turken dokin, inda ƙasa ba ta riƙe ruwa. Ba a buƙatar furanni. Wanda ya zo ya zo da kofinsa.

Ana roƙon masu rakiya kada su nufi babbar ƙofa. Sau ɗaya marigayiyar ta bi ta can. Ta ƙaramar za mu shiga, ni da ita, kamar yadda muka saba. Mai gadi ya ce in na fito, in bar masa makullin akwatina.